Kulkula a tafkin karfasa: yadda ake sa maharbi aikin gadi

Duk mai kiwon karfasa a tafkin ƙasa ya san wannan ciwon kai. Ka zuba kifi 600, ka yi wata shida kana ɗawainiyar dusa da taki, ranar kwashewa sai taru ya fito maƙil da dubban 'yan mitsi-mitsi kamar yatsa, manyan kuma ko tafin hannu ba su cika ba. Abincin bai salwanta ba, bakuna ne suka yi yawa. Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, ba ta jiran ta girma kafin ta fara haihuwa. A ruwa mai ɗumi irin namu na Garwa da Yagwa da Kusiri a arewacin Kamaru, macen da ba ta wuce gram 30 zuwa 40 ba tana iya ɗaukar ƙwai, ta goya shi a bakinta har ya ƙyanƙyashe, bayan mako huɗu zuwa shida ta sake. Idan rabin kifin nan 600 mata ne, kowace kuma ta saki 'ya'ya 200 kacal, zagaye ɗaya ya ba ka 60,000 a ramin da aka haƙa domin 600.

Maganin yana cikin ruwan da ke kusa da kai. Wani ƙaramin kifi ne ɗan dangin karfasa, masunta da yawa suna ce masa kulkula, masana kuma suna kiransa Hemichromis fasciatus. Siffarsa ta karfasa ce, amma halinsa na tsage ne: nama yake ci, kuma 'ya'yan kifi ne abin marmarinsa. Ana samunsa a Binuwai da rassanta, da kogunan Logon da Shari, da Tafkin Chadi, haka nan a yawancin kogunan Afirka ta Yamma har zuwa Senegal. An daɗe ana haɗa shi da karfasa a tafkunan kiwo a Kwaddibuwa da Kamaru domin ya rage 'ya'ya. Sai dai ba a ba kura ajiyar nama da ka. Dukan dabarar tana kan abu biyu: girman bakinsa, da ranar da ya shiga tafkin.

Gane shi kafin ka kama

Sunayen kifi suna sauyawa daga wannan mashigi zuwa wancan, don haka kada ka dogara da suna kawai in za ka yi wa masunci saƙo. Ka riƙe kifin a hannu ka duba. Jikin kulkula ya fi na karfasa tsawo da sirantaka, kansa ya tsuke zuwa gaba, bakinsa babba ne, muƙamuƙin ƙasa ya ɗan zarce na sama. Ka ja leɓensa a hankali, za ka ga bakin ya miƙo gaba kamar bututu. Haƙoransa masu tsini ne, na tsakiyar muƙamuƙin sama sun fi sauran girma. A gefen jikinsa akwai baƙaƙen tabo guda biyar jere daga bayan kai zuwa gindin wutsiya, ga kuma wani tabo a marfin kumatu, inda yake numfashi. Launinsa ruwan ganye ne mai ratsin rawaya, da ɗige-ɗigen ja a jere bisa ɓawonsa. Lokacin haihuwa jan yana ƙara fitowa, ƙasan jikin kuma ya yi duhu. Mafi girmansa bai cika wuce santimita 25 ba, yawancin wanda ake kamawa tsakanin 8 ne da 15.

Kifi biyu ne suke ruɗin mutane. Na farko ƙanensa ne, ɗan ƙaramin nan ja wur mai ɗige-ɗigen shuɗi, tabonsa biyu ko uku ne. Yana da faɗa, amma bakinsa ƙarami ne, ba zai yi maka aikin ba. Na biyu ya fi haɗari: karfasa mai jan ciki da zane-zane a tsaye, wadda masana ke kira Coptodon zillii. Ita ciyawa take ci, tana kuma haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya zuba ta a tafkinsa da sunan kulkula ya ƙara wa Barno dawaki. Bambancin yana baki: nata ƙarami ne mai kauri, goshinta a tsaye, kuma tana da baƙin tabo a ƙarshen ƙayar bayanta, musamman tana ƙarama.

Inda yake zama

Kulkula ba kifin tsakiyar ruwa ba ne. Gefe yake so, wurin da zurfin bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, inda akwai abin fakewa: duwatsu, kututturen da ruwa ya ci, saiwar bishiya, bado da ciyawar bakin gaɓa. A Lagdo, madatsar da aka gama a kan Binuwai a 1982, gefen duwatsu da wuraren da itatuwan da ruwa ya shanye suke tsaye su ne gidansa. A yankin Maga da Yagwa za ka same shi a magudanan gonakin shinkafa, da kududdufan da ambaliyar Logon take bari idan ta ja baya bayan damina. Ruwa mai gudu da ƙarfi ba nasa ba ne, haka ma ruwa mai laka jawur, domin da ido yake farauta.

Ka samu safiya wadda ba iska, ka tsuguna a kan dutse a bakin ruwa mai haske, kada inuwarka ta faɗa ciki. Za ka ga garken 'ya'yan kifi suna kiwo a gefe kamar hayaƙi. Can ƙarƙashin wani reshe akwai kifi guda tsaye cak, fikafikan gefensa kaɗai ke motsi. Zai matso kaɗan-kaɗan, ya tsaya, ya sake matsowa. Idan tazarar ta rage kamar taƙi ɗaya, sai ya ɓarke da gudu ɗaya, bakin ya miƙe ya zuƙe ɗan kifin tare da ruwan da ke kewaye da shi, garken ya watse, shi kuma ya koma inda ya fito. Ba ya doguwar kora. Haɗiya yake yi gaba ɗaya, ba ya yanka nama gunduwa-gunduwa irin na tsage. Wannan shi ne sirrin amfaninsa: abin da bai shiga bakinsa ba ya tsira. A ƙiyasin aiki, ka ɗauka yana iya haɗiye kifin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa ba. Kulkula mai santimita 12 zai share 'ya'yan karfasa har masu santimita 3 zuwa 4. Mai santimita 10 ta fi ƙarfinsa. Idan 'ya'yan kifi sun yi ƙaranci yana komawa kan jatan lande da tsutsotsin ƙwarin ruwa.

Haihuwarsa ta bambanta da ta karfasar kiwo. Ba ya goyon ƙwai a baki. Namiji da mace suna ware kansu, su zaɓi dutse ko itace ko wani abu mai tauri, su goge shi tas da baki, macen ta manna ƙwai ɗaruruwa a jere, namijin ya bi ta kai. Cikin kwana biyu zuwa uku ƙwan ya ƙyanƙyashe, iyayen su kwashe 'ya'yan zuwa ɗan ramin da suka tona a ƙasa, bayan kamar mako guda su fara iyo. Duk wannan lokacin uwa da uba suna gadi, kuma ba sa duban girman abokin gaba. Kifin da ya ninka su uku ma za su kore shi, hannun mutum in ya matso sai ya sha cizo.

Kamu da ɗauko shi da rai

Kalli, wato ragar da ake kafawa a ruwa kifi ya maƙale a cikinta, ba ya yi, domin yana kama kifi ta kumatu, ya kuje ɓawo, wanda ya fito da rai ma ba ya kwana uku. Abin da ya fi shi ne gura, wato tarkon kifi, da aka dasa a gindin ciyawa da yamma a duba da asuba, ko birgi, wato ragar jifa, mai ƙananan ido a jefa kusa da mafakarsa, ko koma a magudanar ruwa. Fatsa ma tana kama shi sosai, don shi mai haɗama ne: ƙaramar ƙugiya da tana ko ɗan kifi. Ka matse ƙayar ƙugiyar da filaya kafin ka fara, yadda za ta fita ba tare da yaga baki ba. Wanda ya haɗiye ƙugiya har ciki, wannan na miya ne, kada ka kai shi tafki.

Ka fara da sallama ga sarkin ruwan wurin, ka kuma tambayi jami'an kamun kifi, domin a madatsun Lagdo da Maga ana rufe kamun kifi a watannin damina don kifi ya hayayyafa, kuma raga mai ƙananan ido tana da doka. Lokaci mafi sauƙi shi ne bayan ruwa ya fara ja, daga Nuwamba zuwa gaba, lokacin da kifi ya taru a ƙananan wurare. Masu jan taru sukan watsar da kulkula ko su haɗa shi da tarkacen da za a shanya, don haka in ka yi magana da su tun da wuri, ka ajiye musu roba da ruwa, za ka samu da araha. Abu ɗaya a gefe: irin wannan ruwan mai ciyawa da dodon koɗi shi ne gidan tsargiya. Dogon takalmin roba ya fi kuɗin magani sauƙi.

Zaɓi masu santimita 6 zuwa 10, kusan kai ɗaya. Kada ka haɗa babba da ƙarami a mazubi guda, kafin ka isa gida lissafinka ya ragu. Jarkar lita 20 da aka yanke samanta, a cika ta rabi ko ɗan fiye da ruwan wurin da aka kama su, tana ɗaukar 15 zuwa 20 a tafiyar awa ɗaya zuwa biyu. Zuba gishirin girki gram 3 a kowace lita, yana rage musu wahala. Jefa ɗan ganye ko ciyawar ruwa a ciki don kada su riƙa ganin juna suna faɗa, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Tafiyar ta zama da sassafe. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jarkar da ke bayan babur da azahar tukunya ce a kan murhu. Idan ka ga sun taso sama suna buɗe baki, tsaya ka sauya rabin ruwan.

Da ka isa, kada ka juye su kai tsaye. Sa jarkar cikin ruwan tafkin minti 15 zuwa 20, kana ɗebo ruwan tafkin kaɗan-kaɗan kana ƙarawa, har zafin ya zo ɗaya. Ya fi kyau su yi mako guda a cikin kejin raga a gefen tafki. A nan ne masu rauni za su mutu ka cire, masu farin abu kamar auduga a jiki su bayyana, a nan ne kuma za ka sake duba su ɗaya bayan ɗaya ko wata mai jan ciki ta saje.

Nawa, kuma yaushe

Ɗauki tafki mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15, wato murabba'in mita 300, zurfinsa santimita 70 a gefe ɗaya zuwa mita 1.2 ko ɗan fiye a ɗaya gefen. A arewa ƙarin zurfi yana da amfani, don rana tana shan ruwa sosai a bazara. Karfasa 2 a kowane murabba'in mita, jimla 600, kowace gram 20 zuwa 30, wato tsawon santimita 10 zuwa 12. Idan maza da mata ne a gauraye, fara da kulkula 1 ga karfasa 20, wato 30. Idan ka tantance maza da hannu, ka duba al'aurar kowace ka ware matan, rabin wannan ya isa, wato 15. Wannan hanya ta biyu ita ce ta fi riba nesa ba kusa ba. Namijin karfasa ya fi mace saurin girma, kuma duk ƙwarewar mai tantancewa sai 'yan mata kaɗan sun sulale, to aikin kulkula shi ne share abin da waɗannan 'yan kaɗan suka haifa. A tafkin da rabin kifinsa mata ne, ko kulkula ya cinye 'ya'yan duka, matan sun riga sun ɓata ƙarfinsu a kan ƙwai da azumin goyo, ba za su yi nauyi ba.

Waɗannan alƙaluma mafari ne, tafkin ne zai gaya maka ko sun isa. Lokaci kuwa ba ya karɓar gyara. In karfasarka ta kai gram 20, zuba kulkula tare da ita ko cikin mako biyu na farko. In kuma ka fara da ƙanana masu gram 3 zuwa 5, dakata har su kai santimita 8 zuwa 10, in ba haka ba jarinka ne zai zama abincinsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne na jinkiri: mutum ya bari sai ya ga 'ya'ya sun cika gefen tafki sannan ya tafi neman kulkula. Kafin ya samo, na farkon sun wuce santimita 5, sun fi ƙarfin bakin, bayan 'yan watanni su ma su fara haihuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan hakan ta riga ta faru, ja taru mai ƙananan ido a gefe-gefe sau biyu ko uku ka rage su da hannu, sannan ka zuba shi ya tare na baya.

Ba a ciyar da shi. Dusar shinkafa da tunkuzar auduga da kake ba karfasa ba su dame shi ba, kuma yunwa ce ke sa shi aiki.

Abin da ke hana shi aiki

Ruwa ne kan gaba. Tsoma hannunka har gwiwar hannu. Idan ruwan kore ne kuma tafinka ya fara ɓacewa a wajen santimita 30, daidai ke nan: karfasa ta samu abinci, kulkula yana gani. Idan launin ƙasa ne, tafin ya ɓace tun a wuyan hannu, to maharbinka ya makance. Nemi dalilin: shanu ne ke shiga sha, ko gaɓa ce ke zaizayewa, ko ruwan da kake jawowa ne ke zuwa da laka. Idan kuma koren ya yi kauri har kifi na tasowa sama da asuba suna haki, dakatar da taki, ƙara sabon ruwa.

Sai ciyawa. Gaɓar da ta cika da ciyawa mai kauri har cikin ruwa mafakar 'ya'yan karfasa ce, suna shigewa inda kulkula ba zai bi su ba. Yanke ta duk mako biyu. A maimakonta ka ba shi mafakar da kai ka zaɓa: fasassun tukwane ko tulin duwatsu uku-huɗu, wuri shida zuwa takwas a kewayen tafkin, tazarar mita biyar ko fiye tsakaninsu, a zurfin gwiwa. Tazarar tana da dalili. Kowane yana riƙe yankinsa, in mafakar ta taru a kusurwa ɗaya, ƙarfafa biyu za su mallake ta, sauran su ƙare da yagaggun wutsiyoyi, sauran gefunan tafkin kuma ba mai gadi.

Waɗannan tukwane suna da wani amfanin. Shi ma kulkula zai haihu a tafkinka, kuma a kansu zai fi son zuba ƙwai. Yawancin 'ya'yansa 'yan uwansa ne ke cinye su da zarar iyayen sun sake su, shi ya sa bai cika mamaye tafki ba, amma wani lokaci suna yin yawa. Duba tukwanen a kai a kai, tunda cikin kwana biyu zuwa uku ƙwan yake ƙyanƙyashewa. Wadda ka ga kifi biyu suna zagayawa suna korar kowa, ɗago ta, za ka ga ƙwai manne a jiki. In ba ka son ƙari, shanya ta a rana yini ɗaya ka mayar. In kana son iri don zagaye na gaba, bar ɗaya ko biyu.

A hunturu, Disamba da Janairu, ruwa yana sanyi, karfasa ta rage ci da haihuwa, kulkula ma ya lafa. Kada ka ɗauka ya mutu ka ƙaro wasu. Auna aikinsa idan zafi ya dawo: zagaya gaɓa da hantsi, ka ja ƙaramar koma a wuri uku. Ganin 'yan jarirai jefi-jefi ba komai ba ne, ana haifarsu ana ci. Abin tsoro shi ne ka riƙa samun masu santimita 4 zuwa 6 da yawa. Wannan yana nufin suna tsere masa, sai ka ƙara kulkula biyar zuwa goma, waɗanda suka ɗan fi na farko girma.

Wasu za su ce me ya sa ba tarwaɗa ko giwan ruwa ba, tunda su suna da kasuwa? Tarwaɗa tana rage 'ya'ya, kuma ana sayar da ita da daraja, wannan gaskiya ne. Amma tana kokawa da karfasa a kan abincin da kake zubawa, tana dama laka, kuma in ta riga karfasar girma sai ta fara taɓa jarin kansa. Giwan ruwa kuwa girmansa ba ya tsayawa, yana kuma son ruwa mai wadatar iska, ƙaramin tafkin taki ba wurinsa ba ne. Kulkula ba zai kawo maka kuɗi da kansa ba, amma bakinsa yana da iyaka, kuma wannan iyakar ce kake saye.

Tafkin da ba a yarda ya shiga ba

Idan kana da tafkin ƙyanƙyasa ko na renon ƙananan kifi, kulkula biyu kacal sun isa su tashi aikin wata guda. Mai gadi a wancan rami ɓarawo ne a wannan. Yana shigowa ta hanya uku: ta ruwan magudana yana ɗan ƙarami, ta raga ko bokitin da aka yi aiki da su a babban tafki, da kuma ambaliya in ruwan sama ya haɗe tafkunan. Ɗaure raga mai laushi irin ta gidan sauro a bakin bututun shigar ruwa, ninki biyu, ka wanke ta kullum don kada ta toshe. Ware wa tafkin reno kayan aikinsa, ka ɗaga gaɓarsa ta fi ta sauran, kuma kada ruwan da ya fito daga tafkin manya ya bi ta cikinsa.

Ranar kwashewa, bayan wata shida ko bakwai, rage ruwan tun da dare, ka ja taru da sanyin safiya. Fara tsame kulkula ka sa a roba mai ruwa mai tsabta kafin laka ta shaƙe su, kana kama su daga kai zuwa baya don ƙayar ta kwanta. Masu santimita 6 zuwa 10 su koma kejin raga su jira zubi na gaba. Waɗanda suka haura 15 sun yi wa sabbin karfasa girma, a soya su ko a yi banda, namansu yana da tauri da daɗi ko da yake ba shi da yawa. Sannan a tsiyaye tafkin ƙarƙaf, a bar shi a rana har ƙasan ya tsattsage. Duk ɗan gurbin da ruwa ya ƙi bushewa a barbaɗa masa farar ƙasa mai zafi, da safar hannu, kana ba iska baya, domin a irin wannan gurbin ne 'ya'yan karfasa da na kulkula suke laɓewa su jira sabon ruwa. Bayan mako biyu a mayar da tukwanen wurarensu, a sako ruwa ta cikin raga.